Ziyarar Lakwaja daga Gombe: dutsen Patti da mahaɗar Kwara da Binuwai

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Gombe, ina zaune a Tudun Wada. Na sha wucewa ta Lakwaja a motar dare idan zan je Anacha ko Legas, amma ban taɓa sauka ba sai don salla da cin abinci. An ce mini akwai wani dutse a garin da ake hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ina so in kai maiɗakina da yaranmu uku a hutun ƙarshen shekara, babban yana da shekara 14, ƙaramar kuma 6. Shin tafiyar ta cancanci wahalarta da kuɗinta? Kwana nawa za mu yi, me za mu gani, kuma shiga jirgin ruwa da yara ba haɗari ba ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Malam, tambayar taka ta ƙunshi abubuwa uku: ko Lakwaja ta isa a taso mata takanas tun daga Gombe, yadda za a tsara kwanakin, da kuma batun shiga ruwa da ƙananan yara. Ni malamin labarin ƙasa ne a nan Bauchi, kuma na daɗe ina cikin masu raka ɗalibai tafiye-tafiyen gani da ido, Lakwaja kuwa tana cikin wuraren da muke kai su. Saboda haka shawarata ta mutumin da ya saba ɗaukar amanar 'ya'yan mutane a hanya ce, za ka ga ta fi karkata ga taka-tsantsan.

A ganina tafiyar ta cancanta, amma ga wanda ya san abin da zai je nema. Tsarin Lakwaja daban yake da na Yankari, inda za ka biya kuɗin shiga a ƙofa, a ba ka ɗaki, a sa ku a mota a zagaya da ku daji, ku dawo ku faɗa ruwan Wikki. Lakwaja gari ne na ma'aikata da 'yan kasuwa da masunta, babban birnin jihar Kogi tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, kuma abubuwan kallonsa a warwatse suke cikin unguwanni, babu wanda ya tattara wa baƙo su wuri ɗaya. Wanda ya je yana jiran a tsara masa zai dawo yana cewa bai ga komai ba sai zafi. Wanda ya tafi da tsarinsa a hannu kuwa, kwana biyu sun ishe shi ya nuna wa 'ya'yansa manyan kogunan ƙasar nan biyu a wuri guda, da kuma filin da aka shelanta mulkin Turawa a kan Arewa.

Yadda garin yake zaune

Garin a matse yake tsakanin dutse da ruwa. Ta yamma dutsen Patti ya tokare shi, ta gabas kuma Kwara ce, shi ya sa ya miƙe a tsaye tun daga Felele da Nataco ta arewa har Ganaja ta kudu. Kwara daga tsaunukan ƙasar Gini take tasowa, ta ratsa Bamako, ta gifta kusa da Tambutu, ta wuce Yamai, ta shigo Nijeriya ta jihar Kebbi, ta bi Yawuri da Jebba, kuma tsawonta ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuwa daga tuddan Adamawa na Kamaru take gangarowa, ta bi Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, tafiyar kimanin kilomita 1,400, kafin su gamu a gaban Lakwaja su nufi teku a matsayin kogi ɗaya.

Akwai abin da nake so yaranka su riƙe tun kafin ku tashi, domin shi ne zai sa wurin ya zama nasu. Gongola da kuke tsallakawa a gadar Dindima idan za ku zo Bauchi, wadda ta yi kwana ta Nafaɗa da Ashaka ta sauko madatsar Dadin Kowa, a Numan take zuba cikin Binuwai. Ruwan da ya tsallake madatsar da ke shayar da garin Gombe, wani sashensa ne za su tarar yana wucewa ta gaban Lakwaja. Ɗalibaina na Bauchi da Gombe sukan fi fahimtar taswirar ƙasar nan daga wannan magana ɗaya fiye da darasin mako guda a aji.

Sai dai kada kalmar dutse ta sa ka zaci sanyi irin na Jos ko Mambila. Bakin kogin Lakwaja ƙasa yake ƙwarai, bai fi 'yan gomiyoyin mitoci sama da teku ba, ƙololuwar Patti kuma kimanin mita 450 ce. Garin Bauchi da nake zaune ya kai mita 600, wato wanda ke tsaye a Wunti ya fi wanda ya hau Patti nisa daga teku. Dutsen yana da kwarjini ne don ya tashi kai tsaye daga kwarin kogi. Zafin garin kuma na gumi ne, saboda tururin ruwa yana cikin iska, gumi ba ya bushewa a jiki yadda yake bushewa a Gombe, kuma wannan ne yake galabaitar da mutanenmu fiye da yawan zafin kansa.

Lokacin zuwa

Da zaɓi a hannuna yake, da na ce ku je daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. A lokacin damina ta ɗauke, kogi ya fara ja amma yana nan da cikarsa, dutse kore shar, sama kuma garau. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi yakan yi tsanani har yawon rana ya gagara. Satumba da Oktoba kuwa su ne lokacin da ba zan kai kowa ba, domin a watannin nan kogunan biyu suke kai maƙura a tare, kuma idan aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru a kan Binuwai, aka kuma saki na Kainji da Jebba a kan Kwara, duka a Lakwaja suke haɗuwa. Haka ya faru a 2012, ya sake faruwa a 2022, ruwa ya shanye gidaje a Ganaja da Adankolo, ya haye kwalta a Kotonkarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye a kan hanyar Abuja.

Hutun da kake da shi na ƙarshen Disamba ne, kuma yana da alherinsa da matsalarsa. Alherin shi ne shi ne lokacin da garin ya fi sauƙin zafi, dare yana da daɗin barci, sauro ya ragu, ruwa ya kwanta. Matsala ta farko hazo ne. Ranar da hunturu ya sauko sosai, kana iya hawa Patti ka duba gabas ka ga fari fat, kogin ma da ƙyar za ka rarrabe shi. Hazo kuwa yakan yi kwanaki ya ɗaga, saboda haka maganinsa shi ne ka ba kanka yammaci biyu a garin, idan na farko ya ƙi, ka gwada na biyu. Matsala ta biyu cunkoso ne. Hanyar Abuja zuwa Lakwaja ita ce maƙogwaron da mutanen kudu maso gabas da wasu na kudu maso yamma suke bi zuwa gida bikin Kirsimeti, kuma a kwanaki huɗu ko biyar kafin 25 ga wata tafiyar sa'a uku takan koma ta yini. A farkon Janairu kuma cunkoson ya juyo arewa. Idan ka sauka a ranar 27 ka juyo kafin shekara ta ƙare, ka ratsa tsakanin taron biyu.

Hanya

Daga Gombe zuwa Lakwaja tafiya ce da ta haura kilomita 700: Alkaleri, Bauchi, Jos, a gangara Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, Abuja, sannan Gwagwalada, Abaji, Kotonkarfe, a haye gadar Murtala a Jamata a shiga gari ta Nataco. Direban haya yakan cinye ta a rana ɗaya, amma da yarinya 'yar shekara 6 a mota kada ka gwada. Ku taso bayan asuba, ku kwana a Keffi ko Abuja, washegari ku ƙarasa sauran hanyar, wadda daga Abuja kusan kilomita 200 ce, ku isa kafin azahar. Idan aljihu ya yarda, akwai jirgin sama daga Gombe zuwa Abuja, wanda zai rage muku yini guda a kowane ɓangare.

Ƙa'idata da ɗalibai, wadda ba na sassauta ta, ita ce magariba ba ta riskarmu a kan hanya. An sha samun fashi da satar mutane a wasu sassan hanyoyin jihar Kogi, musamman waɗanda suka fita daga Lakwaja zuwa Okene da Kabba, kuma manyan motoci sun yi yawa a kan hanyar Abuja. Tafiyar rana, da cikakken mai, da taya mai kyau, ta kawar da mafi yawan haɗarin. Masauki kuwa a kama shi tun kafin a taso, a kuma tambaya a sarari ko suna kunna janareto har safe, domin ɗaki marar fanka a Lakwaja ba wurin barci ba ne ko da hunturu.

Hawan Patti

Akwai hanyar mota da ta hau har sama, mai lanƙwasa da gangare, kuma saman dutsen shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, akwai dogayen ƙarafan gidajen rediyo da talabijin da na waya. Mutanen gari sukan hau da ƙafa da sassafe, musamman ranar Asabar, don motsa jiki. Mai matsakaicin ƙarfi zai kai sama cikin sa'a ɗaya ko fiye kaɗan idan yana hutawa. Ɗanka mai shekara 14 zai iya, zai ma ji daɗinsa, kuma idan kuna so ku yi hakan ku biyu, ku fara da hudowar rana, ku bi ayarin mutane, kowa da gorar ruwansa da takalmi mai kama ƙasa. Ga ƙananan da mahaifiyarsu kuwa mota ta fi, sai dai direba ya tabbatar da birkinsa, kuma ya sauko da ƙaramar giya maimakon ya dogara ga taka birki.

Ga wani abu da baƙi ba su cika lura da shi ba. Mahaɗar tana gabas da dutsen, saboda haka mai hawa da safe rana ce a idonsa, ruwan sai ƙyalli kawai, hoto ma ba ya fita. Bayan la'asar rana ta koma bayanka, sai ka ga komai dalla-dalla: rufin gidajen gari a ƙarƙashinka, Kwara ta fito daga hagu, Binuwai ta ɓullo daga gaba, tsibirai da farin yashi a tsakaninsu, da ƙauyukan ƙetare. Shi ya sa nake cewa hawan safe na motsa jiki ne, na kallo kuwa yamma ce. Ku yi la'asar a ƙasa, ku hau, ku sauko da sauran haske, domin saman ba kowa bayan magariba kuma ba wurin da iyali za su yi dare ba ne. Ku riƙe hannun ƙaramar a bakin gangare, babu shinge a yawancin wuraren.

A saman akwai ɗan tsohon gini da ake kira gidan hutun Gwamna Lugga. Masu nuna wa baƙi wuri za su gaya maka cewa a nan matarsa, Flora Shaw, ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya. Labarin yana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Ta ba da shawarar sunan ne a wani rubutu da ta yi a jaridar Times ta Landan a watan Janairun 1897, aurensu da Lugga kuma sai a 1902. Nakan bar mai bayani ya gama nasa, mu yi masa godiya mu sallame shi, sannan in gyara wa ɗalibai a mota, don ba a kunyata mutum a wurin neman abincinsa.

Batun shiga ruwa

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne rai yake. Ana zuwa mahaɗar ne da jirgi mai inji, yawanci daga kwatar Ganaja ko ta wajen tsohuwar kasuwa, inda masu fito suke ƙetarar da mutane zuwa Shintaku da Gbobe. Tafiyar ba ta da nisa. Idan an isa za ka ga ruwa biyu masu launi daban suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, saboda kowanne da irin laka da yashin da ya ɗebo daga ƙasar da ya ratso. Bambancin yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon lokacin shekara, kuma wani lokaci ya fi fitowa daga kan dutse fiye da daga cikin jirgi, don haka kada ka yi wa yara alkawarin layin da aka ja da alli.

Shin haɗari ne? Kogin kansa a ƙarshen Disamba a kwance yake, kuma masu fiton nan a kansa aka haife su. Idan ka bi labarin haɗurran jirgin ruwa a Kwara za ka tarar sababinsu ɗaya ne kusan kullum: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, cin karo da kututture a ƙarƙashin ruwa, kuma ba mai rigar kariya a cikin fasinjoji. Haɗarin da ya ci mutum fiye da 100 a yankin Patigi a watan Yunin 2023, masu dawowa daga biki cikin dare, duk waɗannan sun haɗu a cikinsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda hedikwatarta ma a Lakwaja take, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar kariya, amma a kwata za ka ga ba kowa ke bi ba. Kai ne za ka tilasta wa kanka.

Yadda nake yi shi ne, ina zuwa kwata tun jajibiri in nemi shugaban masu jirage, in ce shata nake so, mu kaɗai, ba jirgin kasuwa da za a cika da buhuna da babura ba. Mu yi ciniki a kan zuwa da dawowa da tsawon lokacin, a kuma yarda cewa cikon kuɗi sai an dawo. Da safe ina duba cikin jirgin da idona: ko ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, ko akwai filafili na ko-ta-kwana idan inji ya mutu, ko man ya isa. Ina ƙirga riguna kafin kowa ya taka, kowa ya ɗaura tasa a tudu, ba a riƙe ta a hannu. Idan hazo ya rufe ruwa da sassafe mukan jira ya ɗaga, mu fita wajen hantsi mu dawo kafin azahar. A cikin jirgi kowa a zaune, kuma babu tururuwa gefe ɗaya don ɗaukar hoto, domin abin da ke kifar da ƙaramin jirgi a ruwa mai kwanciya ke nan.

Game da 'yarka, hukuncina a fili yake: idan babu rigar kariya daidai jikinta, ba za ta shiga ba. Rigar manya a jikin yarinya 'yar shekara 6 sulluɓewa take yi ta kai da zarar ta faɗa ruwa, kuma ta yara ba a cika samunta a kwata ba. Ka nema ka saya a Abuja a kan hanyarku, ka gwada mata ta a shago, ka ɗaga ta ta kafaɗun rigar ka ga ko za ta zame. Idan ba a samu ba, ita da mahaifiyarta su zauna a bakin kwata, inda kallon masunta da masu banda da jiragen kasuwa ma abin gani ne, kai da manyan ku je ku dawo.

Mai jirgi zai iya ce muku ku sauka a kan tsibirin yashi ku taka. Babu laifi idan kun tsaya a tsakiyarsa, amma bakinsa mayaudari ne: ruwa iya idon sawu, taku biyu gaba sai rami mai zurfi da igiyar ruwa a ƙasa, yashin kuma yana zaftarewa. Yaran Gombe da Bauchi galibinsu ba su iya iyo ba, wanda ya iya a tafki ma bai iya a Kwara ba. Wanka a kogin ba na yarda da shi sam, har a wurin da ba zurfi, saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa mai kwanciya inda dodon koɗi yake, alamarta kuma sai bayan makonni take fitowa. Ni ba likita ba ne, amma abin da likitoci suke gaya mana kafin kowace tafiya shi ne, duk yaron da ya yi zazzaɓi ko ya ga jini a fitsari bayan an dawo, a kai shi asibiti a faɗa musu inda aka je.

Abin da ke cikin gari

Ga ɗan Arewa, a ganina nan ne ainihin ribar tafiyar, ko da yake shi ne abin da masu wucewa a motar dare ba su san da shi ba. Turawan Ingila sun fara gwada zama a mahaɗar a 1841, suka buɗe gona, zazzaɓi ya kashe da yawansu, suka watse. Likita William Baikie, wanda ya nuna a tafiyarsa ta 1854 cewa shan kwini na kare Bature daga zazzaɓin, shi ne ya zauna a wurin wajen 1860 da yardar Etsu Masaba na Bida, ya buɗe kasuwa, ya koyi Hausa, har ya yi tattaki zuwa Kano a 1862. Daga nan garin ya zama sansanin kamfanin Royal Niger da na sojan Turawa. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta mulki a kan Arewa, alhali bai mallaki ko kashi ɗaya cikin goma nata ba. Akwai alama a wurin har yau. Daga baya hedikwata ta koma Jebba, sannan Zungeru, sannan Kaduna.

Ka tsaya da yaranka a wurin alamar ka ƙulla musu zaren har gida. Rundunar da ta ci Bauchi a watan Fabrairun 1902 ta Ibi ta biyo, a bakin Binuwai. Yaƙin da ya rufe babin kuwa a ƙasarku aka yi shi, a Burmi kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a watan Yulin 1903. Kogunan nan su ne hanyar da bindiga da kaya suka bi suka shigo, har Gongola jiragen Turawa sun riƙa hawa zuwa Nafaɗa idan ruwa ya kawo.

Sarakunan da Turawa suka tuɓe kuma da yawansu nan aka kawo su. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, an fara kai shi Yola sannan aka dawo da shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, su ma a nan suka ƙare rayuwarsu, haka Etsu Nupe Abubakar. Kaburburan suna cikin tsohon gari ta wajen Kabawa, wasu a cikin gidajen mutane, ba allon da zai kai ka. Hanyar da ta dace ita ce ka je fadar Maigarin Lakwaja ko ka yi salla a masallacin unguwar, ka gabatar da kanka ga liman ko wani dattijo, ka ce daga Gombe kake kana son ziyara. Za a haɗa ka da wanda zai raka ku. Ku yi sallama, ku yi musu addu'a, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, ka kuma yi wa masu kula da wurin alheri. Da Hausa za ku yi komai a unguwar, kuma hirar dattawan ta fi abin da ke rubuce a gidan tarihi.

Sauran wuraren safiya ɗaya ta ishe su. Akwai makarantar firamare ta Holy Trinity, wadda aka kafa a 1865 zamanin Bishop Samuel Ajayi Crowther, ana kuma ɗaukarta a matsayin ta farko a Arewa, kuma a harabarta akwai ƙarfen da ake cewa bawan da ya gudo ya taɓa shi ya 'yantu. Harabar coci ce, saboda haka a nemi izini, a kuma kauce wa lokacin ibadarsu. Akwai maƙabartar Turawa, da hasumiyar tunawa da sojojin yaƙin duniya, da gidan adana tarihin mulkin mallaka, wanda ya kamata ku nufa a ranar aiki. Gidan gwamnatin jihar ana kiransa gidan Lugga, amma wurin aiki ne mai tsaro, a gan shi daga waje a wuce, kada a ɗaga waya a ƙofarsa ko a shingen sojoji.

Mutanen garin gauraye suke, Oworo da Nufawa da Kakanda da Basa da Igala da Igbirra da Yarabawa da Hausawa, Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Ku shiga tsohuwar kasuwa ta bakin ruwa da safe lokacin da jirage suke sauke doya da manja da kifi. Za ku samu giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa, ɗanye da banda, kuma banda ita ce tsarabar da za ta kai Gombe lafiya idan ta bushe sosai, sai maiɗakinka ta karya ɗaya ta duba cikinta kafin a biya. Ku ci sakwara da miyar kifi a inda ake dafawa a gabanku, ruwan sha kuma na roba.

Kwanaki da kuɗi

Idan aka haɗa lissafi, kwana shida ne a mota: biyu zuwa, biyu dawowa, biyu cikakku a gari. Yammacin ranar da kuka isa ku gwada Patti. Rana ta biyu kogi da hantsi, hutu da azahar, Kabawa da yamma. Rana ta uku makaranta da gidan tarihi da kasuwa, da yamma kuma a sake hawa dutsen idan hazo ya hana ku a karon farko. Ajakuta, inda masana'antar ƙarfen da aka fara ginawa da Rashawa a 1979 take, tana kudu da garin ba nisa, amma shigarta sai da takardar izini, kuma da ƙananan yara ban ga ta cancanci yini ba.

Mafi yawan kuɗin a mai da masauki zai tafi, domin wuraren kallon kansu ba su da tsada, ɗan abin da za ka ba mai rakiya ne da kuɗin shatar jirgi. Ba zan yanka maka adadi ba, tunda farashin mai ne ke juya komai kuma yana sauyawa tsakanin wata da wata. Ka kuma tuna cewa ni ayarin ɗalibai na saba tafiya da shi, da malamai da direba da akwatin magani, kai kuwa ku biyu ne a kan yara uku, saboda haka duk inda na ce a yi hankali, kai ka ninka.

Idan hutun naka bai kai kwana shida ba, ko kuɗin bai isa a kwana a hanya ba, kada ka matse tafiyar cikin kwana uku, za ku dawo da gajiya kawai. Ka kai su Dadin Kowa su ga madatsa da dutsen Bima, washegari ku bi ta Kaltungo da Cham ku je Numan, tafiyar 'yan sa'o'i, su ga inda Gongola ta shiga Binuwai. Lakwaja kuma a ajiye ta sai wani Nuwamba, lokacin ƙaramar ta ƙara wayo. Idan kuwa kun tsai da shawarar zuwa bana, mako guda kafin ku tashi ka je tashar motocin Abuja a nan Gombe ka tambayi direbobin da suka dawo a ranar halin da hanya take ciki, musamman tsakanin Jos da Akwanga da kuma daga Abaji zuwa gadar Jamata.